Hutun keke ba tare da jagora ba a ƙasar tsaunuka da tafkuna ta Ostiriya: tambayoyi da amsoshi ga matafiya daga Maraɗi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin mutanen Maraɗi da suka ji labarin irin wannan hutu, galibinsu ƴan kasuwa da ma'aikata da suka saba fita waje, da kuma iyayen da ke da ƴaƴa masu karatu a Turai, waɗanda suke son haɗa ziyara da buɗe ido. An ɗauki yankin Salzkammergut na ƙasar Ostiriya a matsayin misali, domin yana cikin wuraren da aka fi yin wannan hutu, amma yawancin bayanan za su yi amfani ga wanda ya nufi wani yanki mai kama da shi.

1. Mene ne ainihin hutun keke ba tare da jagora ba?

Hutu ne da mutum yake tafiya a kan keke daga gari zuwa gari, yana kwana kowane dare a masauki dabam, ba tare da wani ma'aikaci yana gabansa yana nuna masa hanya ba. Kamfanin shirya tafiye-tafiye ne yake kama ɗakunan kwana tun kafin a zo, ya ba da keken haya da taswira da lambar waya ta neman taimako, sannan kowace safiya motarsa ta ɗauki jakar matafiyi ta kai masaukin da zai kwana a gaba. Yawancin kamfanoni suna so a ajiye jakar a wurin karɓar baƙi kafin ƙarfe 9 na safe, kuma kada nauyinta ya wuce kilo 20 ko kusa da haka.

Abin da ya rage a hannun matafiyi shi ne lokacin tashi, da inda zai tsaya cin abinci, da ko zai ratse ya kalli wani abu, da kuma hukuncin da zai yanke idan hadari ya taso. Wannan ƴanci shi ne daɗin hutun, kuma shi ne nauyinsa, domin babu wanda zai lura cewa mutum ya yi latti sai dare ya yi bai iso ba.

2. Wanda yake da halin zuwa Turai, me zai kai shi hawan keke?

Wannan tambaya ce da kusan kowa yake yi, wani lokaci da dariya, domin a wajenmu keke abin hawan wanda bai samu babur ba ne, kuma magidancin da ya sayi mota ba ya komawa kan sirdi. A can abin ba haka yake ba: masu hali da tsofaffin da suka yi ritaya ma suna bin waɗannan hanyoyi, kuma ba wanda yake auna arzikin mutum da abin da ya hau. Dalilin da ya fi ƙarfi kuwa shi ne, ƙasar tafkuna ba ta nuna kanta ga mai gudu. Mai mota yakan shige cikin ramin da aka huda a dutse ya fito can gaba, alhali mai keke yana bin tsohuwar hanya ta bakin ruwa, kamar yadda ake yi tsakanin Traunkirchen da Ebensee, yana ganin ƙasan tafki da idonsa saboda tsabtar ruwan.

3. Ina ne Salzkammergut, kuma me ya sa sunan yake da tsawo haka?

Yankin yana gabas da birnin Salzburg, a gindin tsaunukan Alps ta arewa. A lura, Ostiriya ce ta tsakiyar Turai, maƙwabciyar Jamus, ba Ostireliya ba. Mutane da dama sukan haɗa su. Kalmar "Salz" da Jamusanci gishiri ce, kuma sunan yankin yana nufin dukiyar ofishin gishiri na sarakunan gidan Habsburg masu mulkin Ostiriya a da, waɗanda suka riƙe ma'adinan a hannunsu shekaru aru-aru. Duk wanda ya tashi yana ganin kantun gishirin Bilma a kasuwa, ya kuma san irin arzikin da ayarin raƙuma ya gina, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan yadda gishiri yake kafa gari. A tsaunin da ke saman ƙauyen Hallstatt an yi dubban shekaru ana haƙo shi, har masana tarihi suka sanya wa wani zamani na tarihin Turai sunan ƙauyen. Tun farkon ƙarni na 17 akwai bututun da ke kai ruwan gishiri daga Hallstatt zuwa Ebensee, tafiyar kilomita 40, kuma a shekarar 1997 hukumar UNESCO ta saka yankin Hallstatt da Dachstein cikin wuraren tarihi na duniya.

Tafkunan da aka fi sani su ne Mondsee, da Attersee wanda shi ne mafi girma a cikin tafkunan da suke cikin Ostiriya ɗungurungum, da Traunsee wanda zurfinsa ya kai mita 191, da Wolfgangsee, da Fuschlsee, da tafkin Hallstatt. Kalmar "See" a ƙarshen suna tana nufin tafki, wanda ya riƙe wannan zai sami sauƙin karanta allunan hanya. Tsauni mafi tsayi a yankin shi ne Dachstein, mai mita 2,995, wato ya ɗara tsaunin Bagzan na ƙasar Abzin da kusan mita dubu, kuma akwai ƙanƙara a kansa ko da tsakiyar lokacin zafinsu.

4. Yaya hanyar take, kuma kilomita nawa ake yi a yini?

Shirin da aka fi saba gani na mako guda ne: kwana bakwai, a ciki kwana biyar ko shida a kan keke. Akan tashi daga Salzburg a bi ta Thalgau zuwa Mondsee, a kan hanyar da a wurare da dama ta bi sawun wani tsohon layin dogo da aka rufe a 1957, shi ya sa hawanta yake da sauƙi. Daga nan a zarce Attersee, a haura zuwa Gmunden a bakin Traunsee, a bi bakin tafkin zuwa Ebensee, a bi kogin Traun zuwa Bad Ischl, garin da Sarkin Ostiriya Franz Joseph ya saba zuwa hutu a zamaninsa, inda kuma ya sa hannu a kan sanarwar yaƙi da Sabiya a 1914. Daga Bad Ischl akan yi kudu zuwa Hallstatt, sannan a juyo ta Wolfgangsee da Fuschlsee a koma Salzburg.

A yini akan yi tsakanin kilomita 30 da 60, abin da bai wuce awa uku zuwa biyar na tuƙi ba idan an cire tsaye-tsaye. Ba a hawa kan tsaunukan da kansu, tsakaninsu ake bi. Tafkunan suna tsakanin mita 420 da mita 670 sama da teku, ba su ɗara Maraɗi da yawa ba, saboda haka babu fargabar ƙarancin iska. Wahalar tana wurin tsallaka tudun da ya raba wani tafki da wani, musamman tsakanin St. Gilgen da Fuschl. Wanda yake son ya tsaya a ƙololuwa yana iya ajiye keke a St. Wolfgang ya shiga ƙaramin jirgin ƙasa mai haƙora, wanda tun 1893 yake hawa tsaunin Schafberg mai mita 1,783.

5. Ban taɓa hawan tudu da keke ba, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Zan iya?

Wanda ya saba tuƙa keke mai nauyi cikin rairayi, da buhu a baya, a zafin watan Afrilu, ƙarfin ƙafa ba zai zama matsalarsa ba. Wanda zai sha wuya shi ne wanda ya shekara goma sha biyar bai taka feda ba, kuma shi ma ba ƙafarsa ce za ta fara kuka ba, mazauninsa ne. Don haka ana son a fara motsa jiki aƙalla wata biyu kafin tafiya, sau uku a mako, a fara da ƴar tafiya kamar zuwa Tsibiri da dawowa, a riƙa ƙarawa har a iya zuwa Madarunfa a dawo a yini guda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gwada yin doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin hutun kullum ne, kuma safiyar kwana na uku ce take bayyana gaskiyar jiki.

Tun da ba mu da tudu, iskar hunturu tana iya maye gurbinsa: wanda ya fuskanci gabas a kan hanyar Tasawa da safe, iska tana dukan ƙirjinsa, yana yin aiki irin na mai hawa. A riƙa fita da rana, a kan kwalta, tare da abokan tafiya, a kuma bi shawarar mutanen gari game da hanyoyin da ke kusa da iyaka. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya haura shekara hamsin ya fara ganin likita, ya kuma duba amsa ta 7 game da keke mai batir.

6. Mene ne ya fi hatsari a hanyar?

Gangara ce, ba hawa ba. Mutumin da bai taɓa sauko wa daga dogon tudu ba bai san cewa keke yana iya kai gudun babur ba tare da an taka shi ba, ga lanƙwasa a gaba, ga kwalta jiƙe da ruwa. Birkin kekunan haya yana kamawa da ƙarfi fiye da wanda muka saba da shi, kuma wanda ya damƙe na gaba farat ɗaya zai iya tsintar kansa a gaban keken. A kekunan can hannun hagu ne na birkin gaba, dama na baya. Ƙa'idar ita ce a rage gudu kafin a shiga lanƙwasa, a riƙa matsa birki biyun tare a hankali ana saki, a ja jiki baya a kan sirdi, kuma a bar tazara mai yawa tsakanin mutum da na gabansa. Ya kamata a ɗauki rabin awa a ranar farko a gwada birki da giya a fili mara motoci. Giyar keke ake nufi, wadda ake sauyawa zuwa mai sauƙi tun kafin a fara hawa, ba bayan sarƙa ta ɗaure ba.

Dokar Ostiriya ta wajabta hular kwano ga yara ƴan ƙasa da shekara 12, amma babban da ya ƙi sa ta kansa ya cuta. Ana tuƙi ta hannun dama kamar a Nijar. Bambancin shi ne, a can jan wuta jan wuta ne ko da babu mota ko ɗaya, kuma riƙe waya a hannu ana tuƙa keke laifi ne mai tara. Wasu sassan bakin Attersee ana haɗa hanya da motoci, a nan sai a bi layi ɗaya, ba a jera kafaɗa da kafaɗa ana hira ba.

7. In tafi da kekena ko in yi haya? Mai batir kuma fa?

Haya ta fi. Ɗaukar keke a jirgi yana buƙatar kwali na musamman da ƙarin kuɗi, ga sauyin jirgi a hanya, sannan idan ya lalace ba lallai a sami kayan gyaran da suka dace da shi ba. Keken haya yakan zo da giya masu yawa, da fitila, da makulli, da famfo da kayan faci, da jaka mai hana ruwa da ake ratayawa a gefen tayar baya kamar mangalar jaki. Lokacin yin rajista za a tambayi tsayin mutum, a faɗi na gaskiya, domin da shi ake zaɓar girman keken.

Mai batir ba babur ba ne: sai an taka yake taimakawa, kuma taimakon yana tsayawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Kuɗin hayarsa ya fi yawa, kuma ya fi nauyi idan za a ɗaga shi a shiga jirgin ƙasa, amma ga ma'aurata ko abokan da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, shi ne yake hana ɓacin rai a kan tudu. Ana cire batirin a yi masa caji a masauki kowane dare. Ba a shiga jirgin sama da irin wannan batiri, saboda haka wanda ya yi niyyar sayen keken ya dawo da shi Maraɗi sai ya nemi hanyar aiko kaya.

8. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma wane irin tufafi za a ɗauka?

Lokacin yana farawa daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, wato ya yi karo da daminarmu, abin da mai gona zai yi lissafinsa. Yuli da Agusta sun fi ɗumi, sun kuma fi cunkoso da tsada. Yuni da farkon Satumba sun fi sauƙin jama'a. Zafin da suke kuka da shi a can bai kai na tsakar ranar bazara a Maraɗi ba, amma sanyin safiya a watan Satumba yana iya kai na tsakiyar hunturu.

Ruwan sama shi ne abin da ya fi ba mutanenmu mamaki. Mu mun san hadari ya haɗu, ya zuba, ya wuce, a fake a ƙarƙashin rumfa a ci gaba da harka. A yankin Salzburg akwai wani siririn ruwa da yake iya wuni yana sauka, kuma masauki na gaba yana jira ko an jiƙe ko ba a jiƙe ba. Rigar ruwa mai kyau da wandonta, da safar hannu, da rigar sanyi mara nauyi, dole ne su kasance a jakar keke kullum, ba a cikin babbar jakar da mota ta tafi da ita ba. A guji sa rigar auduga a jikin fata, domin idan ta jiƙe da gumi takan riƙe sanyi a lokacin gangara. Babbar riga da dogon wando mai faɗi sai a ajiye su don yamma, kada sarƙa ta kama su. Idan aka ji tsawa da rana, a bar bakin ruwa da gindin itace a nemi gini.

9. Yaya batun biza?

Ostiriya tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma mai fasfon Nijar yana buƙatar biza ta gajeren zama, wadda take ba da izinin kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma ba a mayar da su idan aka ƙi bayarwa. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafuka biyu da ba a taɓa ba. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, da shaidar kuɗi daga banki, da shaidar masauki, da abin da ke nuna mutum zai dawo gida, kamar takardun aiki ko na kasuwanci.

Ana neman bizar ne daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Ostiriya ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, kuma na Faransa, wanda a da mutane da yawa suke bi ta kansa, an rufe shi tun Janairun 2024. Saboda haka matakin farko, tun kafin a biya ko dala, shi ne a duba shafin intanet na ma'aikatar harkokin wajen Ostiriya a ga ofishin da yake karɓar takardun mazauna Nijar a lokacin, domin yana yiwuwa sai an yi wata tafiya dabam don miƙa su. Takardar da kamfanin hutu yake bayarwa, mai ɗauke da sunayen masaukai dare bayan dare, tana taimakawa sosai, amma ba ta tabbatar da samun biza. A tambayi kamfanin a rubuce nawa zai mayar idan ba a samu ba. Kuma a yi nesa da duk wanda ya ce yana da hanya a ciki.

10. Ta ina ake bi daga Maraɗi?

Hanya biyu ce: ko a shiga bas zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, a tashi daga filin jirgin Diori Hamani, ko a gangara Kano wadda ta fi kusa. Daga kowannensu sai an sauya jirgi, a Istanbul ko Kasabalanka ko Adis Ababa gwargwadon kamfanin da aka zaɓa. Ana iya sauka a Biyana, babban birnin Ostiriya, ko Munik ta Jamus, daga nan jirgin ƙasa yana kai mutum Salzburg cikin awa biyu zuwa uku. A iso kwana guda kafin ranar farawa, domin wanda ya kwana biyu a zaune a mota da jirgi bai kamata ya wayi gari a kan gangara ba.

11. Nawa hutun zai ci?

Farashi yana sauyawa da lokaci da darajar masauki, amma lissafin yana da sauƙi a gare mu saboda sefa a ɗaure take da Yuro: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kowane Yuro 100 ya kusa jaka 66, kuɗin biza kuma ya kama jaka 59. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne cewa farashin da kamfani yake tallatawa yawanci na ɗaki ne da karin kumallo da ɗaukar kaya da taswira, kuma an lissafa shi a kan mutum biyu a ɗaki ɗaya. Hayar keke sau da yawa dabam take, mai kwana shi kaɗai yana biyan ƙari, akwai kuma ɗan harajin baƙi da ake biya a masauki kowane dare. Sai a ɗora kuɗin jirgi, da biza da inshora, da abincin rana da na dare, da tikitin jiragen ruwa. Katin banki yana aiki a yawancin wurare, amma ƙananan gidajen abinci na ƙauye wasu sai tsabar kuɗi. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar Yuro 10,000 ko fiye dole ya sanar da jami'an kwastan.

12. Me Musulmi zai ci a can? Zan iya tafiya da kilishi?

Kilishi ba zai shiga ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da nono daga ƙasashenmu, saboda haka kilishi da dambun nama da cuku sai a bar su a gida, in ba haka ba a ƙwace su, wataƙila har da tara. Dabino kuwa yana cikin ƴan tsirarun ƴaƴan itatuwan da aka yarda a shiga da su ba tare da takarda ba, kuma babu guzurin da ya fi shi dacewa da mai keke.

Naman alade ya yi yawa a abincin yankin. Kalmomi uku za a haddace: Schwein, da Schinken, da Speck, duka na alade ne, kuma na ƙarshen yakan ɓuya a cikin miya da soyayyen dankali. Soyayyen naman nan da ake kira Schnitzel a gidajen abinci da yawa na alade ne. Wasu kayan zaƙi ana zuba musu barasa, sai a tambaya. Mafita mafi sauƙi ita ce kifi, wanda ake kamawa a tafkunan, ana gasa shi ko a banda shi, sai ƙwai da burodi da cuku da dankali. A Salzburg da manyan garuruwa akwai shagunan Turkawa masu sayar da naman halal. Ruwan famfo ana shansa ba tare da fargaba ba. Ranar Lahadi kusan duk kantuna a rufe suke, don haka guzurin Lahadi ranar Asabar ake sayensa.

13. Yaya za a yi da salla?

A mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a wuri guda ba yana yin ƙasaru, kuma a wannan hutu kowane dare gari dabam ake kwana. Game da haɗa salloli biyu sai mutum ya zauna da malaminsa kafin ya tashi. Alƙibla ba inda muka saba take ba: daga Maraɗi gabas muke kallo da ɗan karkata arewa, daga Salzburg kuwa kudu maso gabas ce. Lokutan ma sun sha bamban, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma yana ketowa tun kafin ƙarfe 4, saboda haka barci yana raguwa idan ba a tsara shi ba. Ƙaramar darduma mai naɗewa tana shiga jakar keke, kuma wuri mai ciyawa a gefen tafki ba ya wuyar samu. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokance tun 1912, kuma akwai masallatai a Salzburg, galibi na Turkawa da ƴan Bosniya. Wanda yake son ya sami Juma'a sai ya tsara farawa ko gamawa a birnin.

14. Ina son tafiya da maiɗakina da yara. Ya dace?

Ya dace idan kowa ya iya keke tun daga gida. Can ba wurin koyo ba ne. Mata masu ɗankwali suna hawa ba tare da matsala ba, hular kwano tana zama a kan ƙaramin hijabi, kuma ana iya neman keke mara sandar tsakiya. Doguwar riga zuwa gwiwa a kan wando ta fi abaya, saboda dalilin da aka faɗa a amsa ta 8. Abin da dole a sani shi ne, tun Oktoban 2017 dokar ƙasar ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wato niƙabi bai halatta ba, kuma akwai tara. A bakin tafkuna za a ga mutane cikin kayan wanka, kowa yana harkar gabansa. Gara a san da haka tun daga gida. Ga yara ƙanana akwai kujera ko ƴar amalanke da ake ɗaurawa a bayan keke, sai dai a zaɓi shiri mai gajerun zanguna.

15. Ban iya Jamusanci ba. Idan na ɓata fa?

Hanyoyin keke suna da allunansu masu hoton keke da sunan gari na gaba da yawan kilomita, kuma kamfanoni suna ba da manhajar waya da ke nuna inda mutum yake. A sauke taswirar a waya tun a masauki domin ta yi aiki ko babu intanet, a kuma riƙe ta takarda saboda batiri yana ƙarewa. Layin waya na gida yana cin kuɗi a waje, ya fi a sayi na can, wanda ake yi wa rajista da fasfo. Faransanci ba ya kai mutum nesa a wannan yanki, Ingilishi ya fi amfani. A rubuta sunan masaukin dare da adireshinsa a takarda a sa a aljihu. Gaisuwarsu "Grüß Gott" ce, kuma mutumin da ya fara da gaisuwa, abin da ba sai an koya wa Bamaraɗe ba, yakan sami mai nuna masa hanya. Fasfo ya kasance a jiki, ba a jakar da mota ta ɗauka ba, domin Salzburg a bakin iyakar Jamus take kuma ana yawan duba takardu a jiragen ƙasa.

16. Idan taya ta yi faci, ko na gaji, ko na faɗi fa?

Babu mai faci a gindin itace kowace kusurwa kamar a Maraɗi, saboda haka ƙaramin gyara aikin matafiyi ne. A je wurin mai gyaran keke na unguwa a koyi cire taya da sauya roba da mayar da sarƙa kafin a tafi, aikin yamma ɗaya ne. Babbar lalacewa kuwa sai a kira lambar kamfani. Wanda ya gaji ko ruwa ya hana shi sakat yana da mafita: jirgin ƙasa yana bin Gmunden, Ebensee, Bad Ischl har tashar Hallstatt, kuma ana shiga da keke idan an yanka masa nasa tikitin, sai dai manyan jiragen dogon zango sai an kama wa keken wuri tun da wuri. Jiragen ruwa na wasu tafkunan ma suna ɗaukar keke idan akwai wuri.

Lambar gaggawa ita ce 112, motar asibiti 144, masu ceto a tsauni 140. Takardar inshorar da aka ambata a amsa ta 9 ta kasance tare da fasfo. A ciyayin yankin akwai kaska mai ɗauke da cuta, har da wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa, don haka wanda ya zauna ko ya yi salla a ciyawa ya duba jikinsa da yamma, ya cire ta da wuri idan ya gani, ya kuma nemi likita idan zazzaɓi ya biyo baya.

17. Ana iya wanka a tafkunan? Kuma Hallstatt ta cancanci ratsewa?

Ana wanka, amma a wuraren da aka keɓe. Waɗannan tafkuna ba irin na Madarunfa ba ne: a wurare da yawa taku kaɗan daga gaɓa ƙasa take yankewa, ruwan kuma yana da sanyi ko a watan Agusta, musamman Traunsee da tafkin Hallstatt. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma kada wanda ya sauko daga keke da gumi ya faɗa ciki kai tsaye.

Hallstatt ta cancanci gani, sai dai ƙauye ne da mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, kuma da hantsi manyan motocin ƴan yawon buɗe ido suke cika shi har a rasa inda za a tura keke. Dabarar ita ce a kwana a Bad Goisern ko Obertraun, a shiga ƙauyen da sassafe ko bayan la'asar. Hanyar keke ta gabashin tafkin ta fi ta yamma kwanciyar hankali, kuma daga tashar jirgin ƙasa da ke wannan gefen akwai ƙaramin jirgin ruwa da ke tsallakar da mutane zuwa cikin ƙauyen. Wanda yake son shiga ramin gishirin ya duba ranakun buɗewa tun kafin ya zo, ya ware masa rabin yini, ya kuma tafi da rigar sanyi, domin cikin dutsen bai fi digiri 8 ba duk shekara.